Na Kashe 'Yan Ƙwadagon Kakanka

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Yerimaram, Potiskum.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe wannan takarda kana zaune lafiya a Gadaka, Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ka sauka. Ka gaishe mini da kawunka Idi da mutanen gidansa, ka ce ina yi masa godiyar fadamar da ya ba ka. Allah Ya saka masa da alheri.

Ka san ni ba mutumin rubutu ba ne. Sau uku cikin makon nan ina kiranka zaure don in yi maka magana, kana durƙusawa sai bakina ya yi nauyi, in ɓige da tambayarka ko ka duba tayar babur. Kai ma na ga ka lura, don na ukun har murmushi ka yi. Shi ya sa yau bayan la'asar na nemi biro na zauna, in na gama zan ba mahaifiyarka ta cusa maka cikin kaya.

Jiya na ga ka wanke injin feshinka, ka shanya shi a kan katanga, da ya bushe ka ɗaure shi tare da fartanya da adda. Wallahi Haruna, gabana ne ya faɗi. Fadamar da kawunka ya ba ka, tun da aka sare ta ba a taɓa fesa mata maganin ƙwari ba. Ban sani ba ko hikima ce ta hana shi ko rowa, ka dai san kawunka, amma ko mece ce ta tsirar masa da abin da ni na rasa. Waccan fadamar tana da rai. Tamu ta hanyar Fika ta mutu, kuma ni na kashe ta da hannuna. Ban taɓa faɗa maka haka ba. Abin da nake tsoro shi ne ka je ka yi wa ta kawunka abin da na yi wa ta ubana, don ba ka san wani noman rake ba sai irin wanda na koya maka.

Kai ba ka riski kakanka da ƙarfinsa ba. Lokacin da nake kamar shekarunka, da sassafe muke shiga cikin rake, shi a gaba ni a baya. Tsakanin layi da layi saƙar gizo-gizo ce ta ko'ina, raɓa ta kwanta a kanta. Ni na tsani ta manne mini a fuska, sai in sa sanda ina kaɗewa. Shi kuwa, dattijo da furfurarsa, sai ya sunkuya ya bi ta ƙarƙashi. Ranar da ya waiwayo ya kama ni, ya tsaya ya ce, "Kai Shu'aibu, wa ya aike ka?"

Na ce, "Baba, yanar gizo ce fa."

Ya ce, "Na ga yana ce, ai ba makaho ba ne ni. 'Yan ƙwadagona ne. Ba sa cin tuwona, ba sa neman sallama, kai kuma ka zo kana rushe musu ɗaki."

Haka yake da cinnaka da tururuwa. In an ci kifi a gidanmu ba a zubar da ƙaya, tarawa yake a ƙwarya ya kai gona ya zuba a gindin rake, wai don cinnaka ya taru ya hana gara sakat. Zanzaro ya yi gininsa na laka a jikin bukkar gona, ba mai taɓawa. Sau ɗaya tak ya fasa mini guda, ya nuna mini cikinsa shaƙe da tsutsotsi a sandare, ya ce in kalli abin da ake kwashe mana kullum ba mu sani ba. Sauran aikin kuwa da hannu ne. A zare busasshen ganye daga jikin kara. In an ga tsakiyar rake ta bushe, an san tsutsa ta shiga, a sare shi daga ƙasa a tsaga a kashe ta. Aiki ne na ciwon baya, ganye yana yanka hannu, ga ƙaiƙayi har cikin wuya. Ban ce tsutsa ba ta cin rake a zamaninsa ba, tana ci duk shekara. Amma kasonta take ci ta bar mana sauran.

Ni a raina dariya nake masa. Na yi 'yar makaranta, na shiga gari na ga abubuwa, sai nake ganin ƙauyanci ne babban mutum ya riƙa yi wa gizo-gizo ruku'u. Allah Ya jiƙansa, ko shekara bai yi a ƙasa ba na sayo injin feshi na goya.

Ba zan manta washegarin feshin farko ba. Na shiga gona na tarar da ƙwari a zube a ƙasa kamar an watsa wa kaji gero. Ga gizo-gizo ya dunƙule, ga ƙoƙi-ƙoƙi a kwance ƙafafu sama, ga zanzaro, ga rina, ga 'yan jajayen ƙwarin nan masu ɗigo-ɗigo a baya, ga wasu da yawa da ban ma san sunansu ba. Daɗi ya kama ni. Har maƙwabtan gona na kirawo su zo su ga aikin zamani. Mutum nawa ne muka tsaya muna jinjina kai, amma ko ɗayanmu bai tambaya ba: to ina tsutsar? Tsutsar da na sayi maganin dominta tana can cikin kara, ta huda ta shige ta rufe ƙofa, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Duk wanda na kashe a ranar, a waje yake yana jiran ta fito ko ta yi ƙwai ya cinye. Masu gadin na karkashe, na bar ɓarawon a ɗaka yana cin abinci.

To ka ji kuskurena na farko. Na kashe abin da ban san aikinsa ba. Don Allah Haruna, duk ƙwaron da ka gani a gonar can, kafin ka ce maƙiyi ne, tsuguna ka kalle shi. Me yake ci? Ganye yake ci ko wani ƙwaron? In ba ka gane ba, kama shi a leda ka kai wa kawunka ko malamin gona. Ba abin kunya ba ne saurayi ya tsuguna yana kallon ƙwaro. Kuma ranar da ka ga gawar ƙwari a zube, kada ka yi murna sai ka tsaga kara ka ga ko wadda kake nema tana cikin matattun.

Gaskiya ba ta neman ado: shekara biyu na farko raken ya yi kyau. Ganye shar, ba rami, ba aikin zare ganye, bayana ya huta. Masu baro suna rububin rakena. Na riƙa tafiya a Yerimaram ina jin kaina. A ta uku tsutsa ta dawo, kuma ba irin dawowar da na sani ba. Layi guda sai ka ga tsakiya ta bushe daga wannan kai har wancan. Ka karya kara ka ga cikinsa ja, ka tauna ka ji tsami. Sannan ga wani farin ƙwaro mai kama da auduga ya cika ƙarƙashin ɓawon ganye, abin da a da sai ka bincika kafin ka ga ɗaya. Gara kuma ta samu fili, tun iri yana ƙasa take cinye shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, ni kuwa har garar ma ban tsere mata ba.

Da mai hankali ne da ya tsaya ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ni sai na ce magani ne ya yi rauni. Na hau keke na tafi kasuwa wurin Sande, mutumin Kudun nan mai shagon maganin gona, ka san shi, wanda yake ba ka alewa kana ƙarami. Na ce ya ba ni mai ƙarfi, kuma ya haɗa mini kala biyu. Ya kalle ni ya ce, "Oga Shu'aibu, murfi ɗaya ne fa a cikin inji. Ɗaya. Wannan abu ba miya ba ne da za ka ce gishiri bai ji ba."

Na ce, "Kai sayarwa ce taka, noman nawa ne."

Ya ce, "To kada ka haɗa biyu. Karanta jikin kwalba, an rubuta."

Na ce masa tun kafin ya zo garin nan nake noman rake. Ya ɗaga hannu, ya miƙo mini kwalaben. Mutane suna son su ɗora wa masu shago laifi, ni dai nawa ya faɗa mini gaskiya ban ji ba. Na koma gona na zuba murfi uku, na haɗa kala biyu a inji ɗaya, har ruwan ya yi fari kamar nono. Da wata-wata nake feshi, na koma mako biyu-biyu. Duk sanda na ƙara, tsutsa ta lafa kwana kaɗan ta dawo da 'yan'uwanta, don ita ta fara sabawa, masu cinta kuwa ba su samu zarafin farfaɗowa ba.

Saboda haka in magani ya ƙi ci, kada ka ƙara murfi. Tsaya ka tambayi dalili. Ni zuciya ce ta auna mini magani, kuma ka gaji zuciyar nan, na sha ganinta a idonka in abu ya ƙi maka. Wanda ya fi ka sanin abu, ko ba addininku ɗaya ba, ko yaro ne a kanka, ka saurare shi.

Yanzu zan faɗa maka wanda ya fi ci mini rai. Kana tuna Baba Gimba mai zuma? Watakila kaɗan-kaɗan, dogo ne siriri, yana magana a hankali da Hausarsa irin ta mutanen Ngizim. Tun zamanin kakanka yake ɗaura amyoyinsa a kan ɗorawa da tsamiyar bakin gonarmu. Akwai ƙa'ida tsakanin mai gona da mai amya, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta. Shi in ya ɗebi zumar farko ta shekara, sai ya kawo wa mai gona tasa kafin ya kai kasuwa. Mai gona kuma in zai sa wuta a shara, ko zai yi wani abin da zai tayar da ƙudan zuma, sai ya aika masa tun kwana biyu kafin nan, ya zo ya kare kayansa. Shekara da shekaru Gimba bai taɓa fashin kawo tamu ba. Zumarsa aka lasa maka ranar da aka haife ka.

Wata shekara na sare wani sashe na raken da ya nuna, ƙudan zuma suka yi dafifi a kan kututturan suna shan ruwan zaƙi. A gefe kuma kabewar mahaifiyarka ta yi fure, su ma sun cika ta. Ni ina sauri in fesa wa sashen da ya rage. Da hantsi ne, rana ta ɗaga, lokacin da suka fi fitowa, iska kuma tana kaɗawa wajen itatuwan. Na gan su, Haruna. Ba zan ce ban gan su ba, har a hannuna suke sauka. Na tuna da Gimba, na ce a raina gidansa da nisa, in na tsaya aike sai jibi. Na danna hannun inji.

Kwana uku bayan nan ya yi sallama a ƙofar gidan nan. Na fito na same shi tsaye kansa ba hula, abin da ban taɓa gani ba. Hular tana hannunsa ya dunƙule bakinta. Muka gaisa, na shimfiɗa masa tabarma. Bai zauna ba. Ya sunkuya ya juye hular a kan tabarmar, ƙudan zuma matattu suka zubo tuli.

Ya ce, "Shu'aibu, ga zumarka ta bana."

Da na yi shiru ma da ya fi. Amma kunya ta kama ni, ni kuwa in kunya ta kama ni faɗa nake. Na ce, "Baba Gimba, gonar tawa ce ko taka? Ni na gayyato su?"

Ya ce, "Taka ce. Ban zo jayayya ba. Da aike kawai ka yi, da na zo na toshe bakin amyar, ko na sauke na kai wani wuri. Mahaifinka ko tsinke zai ƙona sai ya aiko." Ya mayar da hularsa ko kaɗewa bai yi ba, ya ce Allah Ya ba mu alheri, ya tafi.

Cikin makon ya sauke amyoyin, yawancinsu ba komai a ciki sai wari. Bai kai ni ƙara wurin mai unguwa ba, bai zage ni a gari ba, in mun haɗu a kasuwa yana amsa gaisuwata. Wannan ya fi mini zafi a kan da ya mare ni. Kullum ina cewa zan je gidansa in ce ya yafe mini, kullum girman kai ya ce bari sai Juma'a. Ranar da na taka gidan nasa, makararsa na je ɗauka. Har yau in na yi sallah ina sa shi a addu'a, amma addu'a daban, neman yafiya daban, kuma ƙofar ta biyun ta rufe.

Ka riƙe wannan da kyau. Iyakar gonarka a ƙasa take, iska ba ta san da ita ba. Duk abin da ka fesa, ka fesa wa maƙwabcinka. Akwai masu amya a wajen Gadaka har yanzu, kawunka ya faɗa mini. Da ka sauka, tun kafin ka sa fartanya, nemo su ku gaisa, ka karɓi lambar wayarsu. Ku yanzu aike ma ba ya muku wuya, ba ku da uzurin da ni na fake da shi. In kuma ka ɓata wa mutum, je ka a ranar, kafin rana ta faɗi. Kada ka ce sai Juma'a.

Mahaifiyarka ma ban bar ta ba. Ka san tana son kabewa da kuɓewarta a gefen fadama, da su take miyar gida, ragowar ta aika wa 'yan'uwa. Bayan tafiyar ƙudan zuma, kabewa ta riƙa yaɗo tana fure rawaya mai kyau, sai furen ya bushe ya faɗi ba ɗa. In ma ta ɗaura, 'yar mitsitsiya ce ta ruɓe a jiki. Ta tambaye ni, "Malam, me ya samu kabewar nan?" Na ce irinta ne ya lalace. Ta aika Fika aka karɓo mata iri wurin yayarta, ta shuka, haka. Ta sake nemo wani, haka. Shekara uku baiwar Allah tana canza iri tana zargin hannunta, har ta fara cewa ko baki ne aka yi mata. Ni na san ba mai kai wa furen abin da zai ɗaura, don na ga furen a buɗe tun safe har ya rufe ko ƙuda bai leƙa shi ba. Na bar ta da zarginta. Ita ba ta iya karatun boko ba, shi ya sa na iya ba ta takardar nan ta sa maka a jaka. Ka ga irin jarumtar ubanka.

Ga kuma tafkin bakin gona da muke ban ruwa da shi. A nan nake wanke inji in na gama, in ɗauraye kwalabe in watsa ruwan ciki, don ya fi kusa. Da can akwai ƙaguwa a bakinsa, akwai mazari yana shawagi a kan ruwa, ja da shuɗi, akwai 'yan ƙwarin nan masu gudu a saman ruwa. Duk suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya, ban ma lura da ranar da na daina ganinsu ba. Abin da na lura da shi sauro ne, ya yi yawan da ba a iya sallar la'asar a bukka. Daga baya wani malamin gona ya faɗa mini 'ya'yan mazari a cikin ruwa suke girma, kuma 'ya'yan sauro suke ci. Na ce ikon Allah, ashe har a ruwa kakanka yana da ma'aikata.

Kada ka wanke inji a ruwan da wani abu yake rayuwa a ciki ko yake sha. Kuma kada ka yi wa matarka ƙarya in Allah Ya ba ka, ko a kan kabewa ce. Ƙaramar ƙarya ita ce mai wuyar janyewa, don in ta daɗe sai ka ji kunyar tayar da ita.

Kai ma na yi maka tawa. Tun kana bina gona kake tambaya me ya sa rakenmu yake sirancewa, me ya sa masu baro suka koma wurin wasu. Na ce maka ƙasa ce ta gaji. Ka yarda, har na ji kana maimaita wa abokanka. Ƙasa ba ta gaji ba, Haruna. Laka ce baƙa mai kyau, ruwa yana nan. Ni ne na share duk mai taimakonta na bar ta da maƙiyanta. Sannan da ka kai ƙarfi na ɗora maka injin a baya, na nuna maka yadda ake auna murfi uku, na yaba maka da ka iya. Ban taɓa nuna maka yadda ake zare ganye ba. Ban taɓa fasa maka ginin zanzaro ba, don lokacin da ka yi wayo babu ko ɗaya a jikin bukka. Ka tashi kana ganin gonar rake wuri ne shiru, ba ƙugin komai, ba abin da ke manne maka a fuska. Kana tsammanin haka Allah Ya yi ta.

Kada ka ɗauka ban gwada gyarawa ba. Shekarar da ka tafi Damaturu neman aiki, na ajiye injin na ce na tuba. Na tara ƙayar kifi na kai gindin rake kamar yadda kakanka yake yi. Kwana huɗu na koma na same ta yadda na zuba, ko tururuwa ɗaya ba ta zo ba. Na tsaya a kanta ni kaɗai, babban mutum da ni, hawaye suka zubo mini. A shekarar tsutsa ta cinye gonar kusan ƙaf, don na janye maganin kuma ba wanda zai karɓi aikin. Na tambayi malamin gona ko za su dawo. Ya ce suna iya dawowa in an yi haƙurin shekaru, kuma in maƙwabta ma sun rage. Maƙwabtan nan ni na kirawo su suka ga aikin zamani, yanzu duk fadamar daga kai har gindi feshi ake, wa zan je in ce wa ya daina? Shekarun haƙurin kuma, da me za a ci tuwo a gidan nan kafin su cika? Sai na koma na goya injina. Jibi ma in Allah Ya kai mu zan fesa, murfi uku, ina sane da abin da nake yi. Da na sani ƙeya ce, ga shi ina ta shafa tawa.

Ban cire maka injin daga kaya ba, ko da yake hannuna ya kai kansa. Kai ba yaro ba ne, kuma in na cire za ka ari wani. Ban kuma ce maka magani haramun ne ba. Akwai shekarar da abu zai fi ƙarfin hannu. In ta zo, ka fesa wa wurin da cutar take kawai, ka bar sauran gonar. Murfin da aka rubuta, kala ɗaya. Da yamma liƙis, in ƙudan zuma sun koma, iska ta kwanta. Ka bar ciyawar bakin gona da furenta, can suke fakewa. Ka rufe hancinka da bakinka, kada ka yi irin tawa da har yanzu ƙirjina yake kuka in sanyi ya shigo. Amma kafin duk wannan, ka ba hannunka wuya. Ka zare ganye, ka sare wanda ya kamu, ka yarda tsutsa ta ci kasonta. Gonar da ba rami ko ɗaya a ganyenta ba lafiya gare ta ba.

Na faɗi duk wannan, amma ba zan ɓoye maka ba, zuciyata ba ta kwanta ba. Na san yadda abin yake. Za ka shuka, ya fito kore shar, ka fara lissafin aure a ranka. Wata safiya ka shiga ka ga tsakiya ta bushe a kara biyar, gobe goma. Maƙwabcinka zai leƙo ya ce me kake jira. A ranar, takardar tsoho ba ta da nauyin komai, ni ma ai an faɗa mini, da baki ma, kuma wanda ya fi ni daraja ne ya faɗa. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, ni na ji nawa, ina tsoron kai ma sai ka ji naka kafin ka yarda.

Don haka ga roƙona na ƙarshe, kuma shi ya fi mini ciwon rubutawa. Kowane uba yana son ɗansa ya kira shi in abu ya rikice. Ka kira ni in ba ka da lafiya, ka kira ni in ka ga yarinyar da ta kwanta maka, ka kira ni ko don mu gaisa. Amma ranar da ka ga tsutsa a rakenka, kada ka kira ni. Tafi wurin kawunka ka durƙusa, duk abin da ya ce ka yi, ko ka ga kamar wauta ce. Ni na san kaina. In na ji muryarka a waya, duk abin da na rubuta a nan zai fice mini, tsoro zai riga ni magana, zan ce maka, "Fesa, Haruna, kada ka yi asara." Kai kuma za ka fesa, don ubanka ne ya ce.

Allah Ya tsare mini kai, Ya tsare gonarka daga tsutsa da gara, Ya tsare ta daga shawarata. Allah Ya sa ka fi ni haƙuri, Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka roƙa mini gafara in ka yi sallah.

Wassalam.

Mahaifinka,
Shu'aibu